Darasi na 9: Takalmin Masu Saran Gungume da Yadda Ake Zaɓen Wanda Zai Zauna a Ƙafa

A garin Forks na jihar Washington, can kusa da gaɓar tekun Pasifik a Amurka, ruwan saman da ke zuba a shekara guda yakan kai milimita 3,000, wato ninki uku na abin da Kano ke samu har da ɗoriya. Wasu itatuwan dajin wurin sun haura mita 60 a tsaye, kuma da yawansu a jikin tsauni suka tsiro. Mutumin da sana'arsa kayar da su ce a gangare yake wuni, riƙe da injin yanka mai nauyin kusan kilo goma, yana taka gumaguman da ruwa ya jiƙa, gansakuka ta lulluɓe ɓawonsu. Ba ya sake taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya sauko wurin mota da yamma.

Aiki ne mai cin rai. Alƙaluman Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago na Amurka na shekarar 2022 sun nuna cewa cikin kowane ma'aikatan saran itace dubu ɗari, kusan mutum 100 ne suka mutu a bakin aiki, alhali in aka haɗa dukkan sana'o'in ƙasar, adadin bai kai huɗu ba. Yawancin mamatan itace ne ko reshe ya faɗo musu, kuma babu takalmin da zai tare wannan. Amma duk mai sara yana share hanyar gudu kafin ya sa inji a gindin itace, kuma da itacen ya fara rinjaya, 'yan daƙiƙoƙi gare shi ya bi wannan hanya. Ƙafar da ta zame a lokacin, ko takalmin da ya juye da ita, shi ke raba wanda zai koma gida da wanda za a ɗauko. Don haka ne dokar hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa mai saran itace takalmi mai ƙarfi, wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi, wanda kuma ya rufe idon sawu ya tallafe shi.

Inda takalmin ya samo asali

Dajin ne ya jawo dukawan takalmi zuwa wannan yanki. Iyalan White sun fara sana'ar ne a gabashin Amurka, kamfaninsu kuma yana lissafin tarihinsa daga 1853. Otto White ya biyo masu saran itace zuwa garin St. Maries na jihar Idaho a farkon ƙarni na 20, sannan ya zauna a Spokane a 1915. John Shoemaker ya kafa kamfanin Wesco a Oregon a 1918, har yau kuma ana ɗinki a garin Scappoose. Charles Danner ya fara a Wisconsin a 1932, bayan shekara huɗu ya kwashe ya koma Portland saboda a can ne ake biyan kuɗi mai kauri a kan takalmin masu gungume. Nicks ya buɗe a Spokane a 1964, wanda ya kafa shi kuwa a shagon White's ya yi aiki tukuna. Garin Spokane ya zama wa wannan takalmi abin da Ƙofar Wambai ta zame wa kayan fata a Kano, inda yaron shago kan koya ya ƙware, ya fita ya buɗe nasa.

Takalman farko masu ƙusoshi ne. A zamanin da ake tura gumagumai a kogi zuwa injin tsaga katako, mutane a kan gungumen suke tsayawa yana juyawa cikin ruwa, don haka aka jera wa ƙasan takalminsu gajerun ƙusoshin ƙarfe masu kama ɓawo. Har yau masu aiki a dazuzzukan gaɓar teku suna sa irinsu, sai dai ƙusoshin yanzu kwancewa ake yi a sauya in sun dakushe. A kan dutse ko siminti kuwa santsi suke yi, kuma suna farfasa daɓen katako, shi ya sa shaguna a garuruwan masu sara ba sa yarda a shiga da su. Ƙasan roba mai manyan haƙora, wanda yawancin takalman ke da shi a yau, daga Italiya ya fito. Vitale Bramani, wani mai hawan tsauni, ya rasa abokai shida a tsaunukan Alps a 1935, ya ɗora laifin a kan takalman da ke ƙafarsu, a 1937 kuma ya fito da ƙasan roba na Vibram.

Masu kashe gobarar daji su ma sun ɗauki takalmin. Tun 1940, lokacin da aka fara dirar da su da lema daga jirgin sama a dajin Nez Perce na Idaho, suke bukatar abin da zai jure dira da tafiyar tsauni da toka mai zafi. Ƙa'idarsu ta yanzu ita ce takalmin fata mai igiya, tsayinsa aƙalla inci 8, da ƙasan da ba ya narkewa.

Abin da kowane sashe ke yi

Wanda ya fara ganin takalmin masu sara, dunduniyarsa ce za ta ɗauki idonsa. Tsayinta yakan kai santimita biyar, an kuma rage ta ta baya ta ɗan lanƙwasa ciki. Amfaninta a gangare yake. Mai saukowa daga tudu yana kafa ta cikin ƙasa ta riƙe shi, mai hawa kuma tana rage masa miƙewar jijiyar agara. Gurbin da ke tsakaninta da gaban takalmin yana kama reshe ko saiwa, a nan ne kuma ƙarfen hawa ke zama ga masu hawan itace ko turken lantarki. Cikin wannan gurbi akwai ɓoyayyen ƙarfe ko fata mai kauri da ke hana takalmin karyewa a tsakiya idan mutum ya ɗora nauyinsa duka a kan siririn abu.

Wuyan takalmin yakan kai inci 8 zuwa 10, na masu hawan turke har 16. Fatar sa ce mai kaurin kusan milimita uku, wadda aka shayar da mai tun a wurin jima. A ƙarƙashin igiya akwai wata 'yar fata mai geza da ke leƙowa ta gaba. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ado, alhali ita ke kare harshen takalmin daga cin igiya da garin katako, in ta lalace kuma a zare ta a sa sabuwa. Irin ɗinkin da shagunan Spokane suka shahara da shi kuwa shi ne a buɗe gefen fatar sama zuwa waje, a ɗinke ta a kan ƙasan da layi biyu. Wannan ya sa ana iya farke takalmin a sake gina shi, a bar wuyan da ya riga ya saba da ƙafar mai shi.

Duk wannan nauyi ne. Ƙafa biyu sukan kai kilo biyu da rabi zuwa uku, kuma binciken da sojojin Amurka suka yi tun ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya ninki huɗu zuwa shida na irinsa da aka goya a baya. Mai aiki a shagon kafinta ko a daɓen simintin masana'anta, in ya sayi wannan takalmi don ya ga ya yi kyau, wahala ya saya. Doguwar dunduniya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tura nauyi take yi gaba, mutane da yawa kuma suna kukan gwiwa da ƙugu. Nasa takalmin mai shafaffen ƙasa ne. Tambayar farko ke nan tun kafin a zo ga lamba: a wace irin ƙasa za a wuni?

Auna ƙafa

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, kuma da wuya a sami mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai. Tana faɗaɗa idan aka tsaya a kanta, tana ƙara faɗaɗa idan aka ɗauki kaya, tana kumbura kaɗan-kaɗan daga safe zuwa yamma. Wanda ya gwada takalmi da hantsi, a zaune, da siririyar safa, ya auna wata ƙafa ce dabam da wadda zai kai daji.

Ba yau aka gano haka ba. Wani likitan sojan Amurka, Manjo Edward Munson, ya jagoranci kwamitin da ya yi shekara huɗu yana duba ƙafafun sojoji kusan 2,000, har da hoton ƙashi. Rahotonsa na 1912 ya nuna cewa soja in aka bar shi ya zaɓa da kansa, yawanci gajere kuma matsattse yake ɗauka, saboda abin da ya saba da shi ke nan tun yana farar hula. Daga wannan aiki aka sassaƙa sabuwar ƙafar katako, wato abin da baduku ke jan fata a kai ya gina takalmi, mai faɗin gaba da matsattsiyar dunduniya. Sojojin ƙasar sun yi yaƙin duniya biyu da takalman da aka gina a kanta.

Ƙafar katakon nan ita ce sirrin da lambar kwali ba ta faɗa. Kowane kamfani da tasa, wani ma yana da biyar ko goma. Takalma biyu masu lamba ɗaya, ɗaya zai zauna, ɗaya ya ƙi. Lambobin kansu ba tsari ɗaya suke bi ba. A Amurka da Ingila, tsakanin lamba da lamba sulusin inci ne, kimanin milimita takwas da rabi, a tsarin Turai kuwa bai kai milimita bakwai ba. Lamba 10 ta maza a Amurka tana kusa da 9 ta Ingila, da 43 ko 44 ta Turai. Ga kuma harafin faɗi da Amurkawa ke sawa bayan lamba: D matsakaici ne ga maza, E da EE sun fi faɗi. Wanda ya girma yana yawo da silifa ko ƙafa ba takalmi, yatsunsa a baje suke, wannan harafi ya fi masa lambar muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai faffaɗar ƙafa ya ƙara lamba biyu don ya sami faɗi, sai ya ƙare da dogon takalmin da ke lanƙwasa a inda ƙafarsa ba ta lanƙwasawa.

A nan ne wurin da ya kamata a tsaya a kai. Ma'aunin ƙarfen nan da ake gani a kantunan takalma, wanda Charles Brannock na garin Syracuse ya ƙirƙiro a shekarun 1920, abu uku yake aunawa: tsawo daga dunduniya zuwa kan yatsa, faɗi, da tsawo daga dunduniya zuwa gaɓar gindin babban yatsa. Na ukun ne aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi tasiri a takalmin masu sara. Mutum biyu na iya zama da tsawon ƙafa ɗaya, ɗaya dogayen yatsu gare shi, ɗaya gajeru, don haka gaɓar da ƙafarsu ke karyewa ba wuri ɗaya take ba. Takalmin roba mai laushi yana yafe wannan bambanci. Wannan kuwa ba ya yafewa, domin a cikinsa an gina tudu da fata mai tauri don ya cika kwarmin tafin ƙafa, tudun kuma ba ya matsawa. Idan ya faɗa daidai kwarmin, nauyin jiki yana bazuwa a tafin duka, mutum ya wuni a tsaye bai ji ba. Idan ya goce gaba ko baya da santimita ɗaya, kowane taku zai zama kamar an taka dutse. Mai shafaffen tafi, wanda kwarminsa bai yi zurfi ba, gara ya nemi ƙirar da tudunta bai yi tsayi ba, kamfanonin kuma suna yin ta.

To, ga yadda gwaji ke tafiya. A je da yamma, da irin safar da za a yi aiki da ita. A sa ƙafa biyu, domin babbar ake saya wa takalmi. A buga dunduniya ta zauna can baya, a ɗaure igiya har sama yadda za a ɗaure ta ranar aiki, sannan a miƙe. Gaɓar babban yatsa ta zauna a inda takalmin ya fi faɗi. Gaban yatsa mafi tsawo a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yatsu kuma su iya motsi. Bayan ƙafa, inda igiya ke bi, ya kama sosai amma ba har jijiya ta yi tsami ba, gefe biyu na igiyar kuma kada su haɗe da juna, domin fata za ta saki, in sun haɗe tun yau babu sauran abin ja gobe.

Daga nan sai a nemi gangare, ko matakala, ko a jingina katako a kan bulo. Mai saukowa, idan yatsunsa suka doki gaba, takalmin ya gaza, ko kuma bai riƙe bayan ƙafa ba. Wannan dukan ne ke baƙanta farce ya cire shi bayan mako guda a tsauni. Mai hawa kuma ya lura da dunduniya. A sabon takalmi mai tauri, ɗagawa kaɗan, wadda ba ta wuce rabin santimita ba, ba laifi ba ce, za ta ragu idan ƙasan ya fara lanƙwasa. Wadda ta wuce haka bororo ce ke jira.

Fata tana saki ta faɗi, ba ta ƙara tsawo. Ƙarfen kan yatsu kuwa ba ya saki ta ko'ina. Idan gefensa ya taɓa ƙaramin yatsa a shago, zai taɓa shi har ranar da za a jefar da takalmin, kome mai sayarwa zai ce. Masu ciwon sukari su fi kowa kiyaye wannan, domin ƙafarsu kan daina jin zafi, ƙaramin gurzuwa ya zama gyambo ba su sani ba. Su cire takalmi su duba ƙafar da ido kowace yamma.

Shagunan Spokane da Scappoose suna karɓar awo daga nesa. Mai saye yana tsayawa a kan takarda da safarsa, wani ya zagaye ƙafar da fensir a tsaye cak, sannan a auna kewayen gaɓar yatsu, da bayan ƙafa, da dunduniya, da ƙwauri a tsayi dabam-dabam. Kuɗin irin wannan takalmi ya haura dala 500, jira kuma kan ɗauki watanni.

Makonnin farko

Ko takalmin da ya dace sai an sha wuyarsa kafin ya saba. Akwai wani zafi sananne da ke kama gaban idon sawu, inda fata mai kauri ke naɗewa ta danne jijiya, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan cizo suka jingina shi ga kamfanin White's, ko da yake duk takalmin irin wannan ƙira yana yin sa. Maganinsa a igiya yake: a tsallake rami ɗaya ko ƙugiya ɗaya daidai wurin, a gyara naɗin harshen ya kwanta. Ana fara sa sabon takalmi awa biyu ko uku a rana, a ƙara a hankali har makonni, tsohon kuma yana kusa. Tsofaffin ma'aikata suna da dabarar shiga rafi da sabon takalmi su yi ta yawo har ya bushe a ƙafa. Tana gaggauta sabo, amma tana wanke man fatar, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuma ta fi saurin salewa, don haka ba dabarar da za a koya wa sabon shiga ba ce.

Dole ne a rarrabe zafin sabo da zafin rashin dacewa. Na sabo tauri ne da gajiyar tafi, kullum raguwa yake yi. Yatsun da suka mutu, ko zafi mai suka a wuri guda da ke ƙaruwa, wannan ba ya wucewa da haƙuri.

Safa tana da rabonta. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, gurzuwa ta zama bororo, ruwa ya ci tsakanin yatsu. Ta ulu, ko ulu haɗe da zaren roba, tana janye damshi daga jiki ko a lokacin zafi. Mai wuni a daji ya tafi da ta biyu ya sauya da azahar.

Ƙarfen yatsu da injin yanka

A ƙa'idar Turai mai lamba EN ISO 20345, ƙarfen kan yatsu sai ya jure faɗowar abu mai nauyin kusan kilo 20 daga tsayin mita ɗaya, da matsin kusan tan ɗaya da rabi. Ta Amurka, ASTM F2413, tana neman ya jure matsin fam 2,500, wato sama da kilo 1,100. Ana buga waɗannan lambobi a cikin harshen takalmin, wanda ba shi da su kuwa ba a san abin da ke kan yatsunsa ba.

Sai dai shi ƙarfen, yatsu kaɗai yake rufewa. Sarƙar injin yanka tana gudun mita 20 ko fiye a daƙiƙa guda, kuma inda take yawan sauka shi ne bayan ƙafa da gefenta, musamman ta hagu, wadda mai yanka ke sawa gaba. Fata, kome kaurinta, ba ta tsayar da ita. Takalmin da aka yi don mai riƙe inji yana da shimfiɗun zare mai ƙarfi, irin su Kevlar, a ƙarƙashin fatar. Haƙoran sarƙa suna fizgo zaren ya cushe inji ya tsaya. Ƙa'idar EN ISO 17249 ta kasa shi aji uku: na ɗaya yana jure gudun mita 20 a daƙiƙa, na biyu 24, na uku 28, kuma ana gane shi da hoton inji a jikinsa. Kamfanonin Jamus irin su Haix da Meindl sun yi suna a wannan fanni. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, kyakkyawan takalmin Spokane mai tsada, in ba an ce a sa masa wannan zare ba, ba shi da shi. Masu kashe gobara kuma da yawansu suna guje wa ƙarfen yatsu saboda yana riƙe zafi. Kowane aiki da nasa.

Mai saye a nan gida

Ba Amurka kaɗai ake sara a gangare ba. A dazuzzukan Kurmi da Gashaka na jihar Taraba, da Kuros Riba, da Edo da Ondo, akwai masu riƙe inji da masu ɗaukar katako, Hausawa da yawa a cikinsu, kuma abin takaici ne yadda ake ganin wasunsu da silifa ko rambut. Rambut yana tare laka, amma ba ya riƙe idon sawu, ƙafa yawo take yi a cikinsa, targaɗe kuma ba ya nisa. Doguwar fata mai kauri tana da wani amfani a nan da mutanen Forks ba su cika bukata ba: yawancin saran maciji a ƙafa da idon sawu yake sauka, kamar yadda masu jinya a asibitin Kaltungo na jihar Gombe suka daɗe suna gani.

Yawancin masu bukata a gwanjo za su nema, kuma ana dacewa da na kirki. Tarko uku ne a wurin. Na farko takalmin ƙasar ƙanƙara: idan aka ga an rubuta Thinsulate da lamba kamar 400g ko 800g a jikinsa, an cusa masa abin riƙe ɗumi ne, a zafin nan kuwa dafa ƙafa zai yi. Na biyu ƙasan da aka zuba da wata roba mai kumfa, mara nauyi, wadda damshi ke ruɓarwa ko ba a taka ta ba. Takalmin zai yi kyau a ido, kwana biyu ƙasan ya ruguje kamar gari. A danna shi da farce, a lanƙwasa, in ya tsage ko ya yi danƙo a ajiye. Ƙasan da aka ɗinke da zare ya fi, domin shumeka zai iya cire shi ya sa wani.

Na uku ya fi wuyar gani. Takalmin fata yana ɗaukar siffar ƙafar mai shi na farko. A zura hannu a shafa cikinsa, za a ji ramukan da yatsunsa da dunduniyarsa suka haƙa. A ɗora shi a kan tebur a dube shi ta baya: in ya karkata gefe guda, haka zai karkatar da sabon mai shi. Ƙarfen yatsun da ya lotsa ya riga ya yi aikinsa sau ɗaya, ba a dogara da shi karo na biyu. Araha ba ta ado, amma wanda aka ɗan taka kaɗan, cikinsa bai lotsa ba, ya kuma ci gwajin gangare, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

Kula da shi ba wuya. A goge laka kullum, domin busasshiyar laka tana tsotse man fata. A cusa masa takarda ya bushe a inuwa inda iska ke bi. Kusa da wuta ko a tsakar rana fatar ƙanƙancewa take yi ta tsage, ba ta kuma dawowa. Idan ta fara fari-fari a shafa mata mai, a Amurka irin mai kakin zuma suke amfani da shi, kamar Huberd's da Obenauf's, amma kaɗan-kaɗan, domin mai in ya yi yawa fatar takan saki ta daina riƙe idon sawu. Bakin man inji yana lalata fata da zare. Mai hali ya ajiye biyu yana sauyawa, kowanne ya sami kwana guda ya bushe. Idan haƙoran ƙasan suka shafe, ko dunduniya ta cinye ta gefe, a kai gyara tun cin bai isa ga fatar da ke sama ba.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowa ya tsaya a kan takarda ɗan'uwansa ya zana masa ƙafafu biyu, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan la'asar. A kowane zane a auna tsawo, da faɗi, da nisan dunduniya zuwa gaɓar babban yatsa, a rubuta da milimita. Sannan kowa ya zare shimfiɗar cikin takalmin da yake zuwa aiki da shi, ya ɗora ta a kan zanen yamma na babbar ƙafarsa, ya yi alama a duk inda zanen ya leƙo waje. A zo da takardun a darasi na gaba, tare da bayanin irin ƙasar da kowa ke wuni a kanta.